Dabinon Salmanu 300: Inda Ake Samun Kuɗi Da Himma Don Koya Wa Yara Kiyaye Ƙasa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya rayar da ita da ruwan sama, Ya sanya itatuwa inuwa da abinci da magani ga bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Sayyadina Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah baki ɗaya. Bayan haka:

A 'yan shekarun nan matasa da dama a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sun kafa ƙananan ƙungiyoyin sa-kai domin koya wa yara kula da muhalli: yadda ake renon itace, yadda ake tsimin ruwa da itacen girki, da illar da leda ke yi wa gona da dabba. Cikinsu akwai ɗaliban jami'a, akwai almajiran zawiyoyi. Niyya ce kyakkyawa. Sai dai abu biyu ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi tun ba su yi ƙwari ba: aljihu ya bushe, zuciya kuma ta yi sanyi. A rubuta takardun neman tallafi a bi ofis-ofis da su, a ji shiru kamar an shuka dusa. Daga nan taro ya fara raguwa, mai zuwa kullum ya koma zuwa jefi-jefi, har a wayi gari babu abin da ya saura sai suna da hatimi.

Wanda ya duba tarihin Manzon Allah (S.A.W) zai tarar an taɓa yin tarbacen itatuwa a Madina, kuma cikin wannan ƙissa akwai amsar tambayoyin biyu: ina kuɗi za su fito, ina kuma himma za ta fito.

Ƙissar Sayyadina Salmanu

Sayyadina Salmanul Farisi (R.A) ya bar ƙasar Farisa yana neman gaskiya, yana tashi daga hannun wannan malami zuwa wancan, har wasu matafiya suka ci amanarsa suka sayar da shi. Haka ya iso Madina yana bawa, yana aikin dabino. Ya musulunta, amma bauta ta hana shi halartar Badar da Uhudu. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W) ya umurce shi ya ƙulla yarjejeniyar fansa da ubangidansa. Sharaɗin da aka yanka masa mai nauyi ne: ya dasa dabino 300 su rayu, ya kuma biya uƙiya 40.

Salmanu bai mallaki ko dashe guda ba. Sai Annabi (S.A.W) ya nemi sahabbai su taimaki ɗan'uwansu. Wani ya kawo dashe 30, wani 20, wani 15, wani 10, kowa gwargwadon abin da ke hannunsa, har 300 suka cika. Salmanu ya haƙa ramuka, 'yan'uwansa suka kama masa. Da aka gama, Manzon Allah (S.A.W) ya fito da kansa, ana miƙa masa dashe yana sanyawa cikin rami da hannunsa mai albarka. Salmanu ya rantse cewa ko guda bai mutu ba. Saura kuɗi. Bayan wani lokaci aka kawo wa Annabi (S.A.W) curin zinariya kamar ƙwan kaza, ya aika aka kira Salmanu ya ba shi, ya auna ya biya uƙiya 40 ɗin, ya zama ɗa. A shekara ta 5 bayan hijira, da rundunonin ƙabilu suka yi wa Madina taron dangi, wannan mutumin da aka fansa da dabino shi ne ya kawo shawarar haƙa gwalalo, dabarar da Larabawa ba su san ta ba.

Abin lura cikin ƙissar

Na farko, buƙatar a fayyace take: 300, kowa ya san adadin, kowa yana iya ganin abin da ya rage. Mai cewa jama'a su taimaka wa "yaƙi da hamada" ya roƙi abin da ba shi da baki ba shi da iyaka. Mai cewa ana son buhun siminti kaza domin kwarmin ajiyar ruwa a makarantar allo ta unguwa kaza, da butocin ban-ruwa 10, ya ba mai bayarwa abin da zai kama.

Na biyu, ba a jira attajiri guda ya ɗauke nauyin ba, alhali a cikin sahabbai akwai masu hali. An bar ƙofar lada a buɗe ga mai 30 da mai 10. Kuma abin da aka tara dashe ne da ƙarfin damtse kafin a zo ga kuɗi.

Na uku, zinariya ta zo ne bayan an haƙa ramuka an dasa. Allah Mai iko ne Ya fara aiko da ita, amma a haka Ya jera al'amarin. Ƙungiyar da ta naɗe hannu sai furoje ya zo kafin ta koya wa yaro guda yadda ake sassabe ta juya wannan jeri.

Na huɗu, sharaɗin shi ne dabinon ya rayu. Ranar 3 ga Agusta ta kowace shekara, ranar samun 'yancin kai da aka haɗa da bukin dashen itace tun 1975, ana dasa itatuwa masu yawa a faɗin Nijar. Amma ƙidayar gaskiya ita ce ta watan Mayu mai zuwa, bayan dashe ya sha hunturu da zafin bazara da haƙorin akuya. Abin da aka tarar da ganye a lokacin shi ne abin da aka dasa.

Na biyar, ribar tarbacen mutum ce. An tara itatuwa, aka samu Salmanu da iliminsa. Ƙungiyar koyarwa ma haka take: itacen da ta dasa a farfajiyar makaranta allo ne na karatu, abin da take nema shi ne yaron da zai girma yana jin nauyin sare gawo ba da dalili ba.

Abin da ƙasar Nijar ta shaida

Wani zai ce wannan mu'ujiza ce ta Annabi (S.A.W), yau kuwa sai da miliyoyi. To, ga abin da ya faru a gonakin Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970, an kashe dukiya wajen dasa itatuwan da aka rena a leda, akasarinsu suka mutu. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a riƙa yi musu aski suna miƙewa. Wannan shi ne sassabin zamani. Yunwar 1984 ta sa mutane suka saurara, daga nan manomi ya riƙa gani a gonar maƙwabcinsa yana kwaikwaya. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kayan aikin wuƙa ce da gatari, jarin kuwa sani ne.

A jihar Tawa, wajen ƙarshen shekarun 1980, an kai wasu manoman Illela ziyarar gani da ido yankin Yatenga na Burkina Faso. Suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya taru ciki, hatsi ya fito inda aka yanke ƙauna. Suka dawo suka inganta tassa a gonakinsu, har fakon da da ba mai so ya zama ana ciniki a kansa. Kuɗin mota da guzuri aka kashe, abin da aka sayo ilimi ne. A Maraɗi kuma, a 1991, aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, inda mata ke zubi kowane mako cikin asusu guda suna ranta wa juna. Tsarin da ya faro daga ƙauyukan Maraɗi yau ana aiki da shi a ƙasashe da yawa na duniya.

Tun kafin duk wannan, tarihin Damagaram ya riƙe cewa Sarki Tanimun ya sa horo mai tsanani a kan mai saran gawo. Magabata sun san abin da ake koyarwa yau a tsangayar aikin noma: gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana, yana ƙara wa ƙasa taki, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'yansa. Ashe ƙungiyar da ke koyar da wannan ba baƙon abu ta kawo ba, gado take mayar wa masu shi.

Ƙofofin neman taimako

Ƙofa ta farko ita ce ta gida. Uwar muminai Nana A'isha (R.A) ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A yi lissafi: idan mutum 200 suka ɗauki alkawarin dala 20, wato sefa 100, kowace Juma'a, an samu jika 20 a mako, a shekara kuwa sefa 1,040,000. Wannan ya isa a riƙe gandun renon dashe, a sayi alli da littattafai, a biya kuɗin mota zuwa ƙauyuka. Mai dala 20 kada ya ji kunya. A lokacin shirin Tabuka Sayyadina Abubakar (R.A) ya kawo dukiyarsa duka, Sayyadina Umar (R.A) ya kawo rabi, wani talaka kuma ya zo da ɗan awon dabino da ya samu da guminsa. Munafukai suka yi masa dariya, Allah Ya saukar da aya cikin Suratut Tauba yana zarginsu.

Idan a zawiya za a yi sanarwa, a fara neman izinin muƙaddami, a bari sai an shafa fatiha bayan wazifa ko zikirin Juma'a. Ba a ratsa halƙar zikiri da faranti, ba a kuma kiran sunan mutum a bainar jama'a don kunya ta sa ya bayar. Abin da aka karɓa da takobin kunya ba ya albarka.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kaya da ƙarfi. Da kaka manomi ya fi samun sauƙin ba da tiyar hatsi ko dami guda a kan tsabar kuɗi, da shi za a ciyar da 'yan gayya ranar haƙa rabin wata. Makiyayi yana da taki, maƙeri yana iya gyara hauya da magirbi, mai amalanke ya ɗebo ruwa, tsohuwa ta nuna lokacin da ake tsintar irin aduwa da magarya da kuka. Ledojin ruwan sha da aka yar a titi, yara su tsince su a cika da ƙasa a reni iri ciki: an share unguwa, an kuma huta da saye. Ɗalibin da ke karatun noma ko gandun daji a jami'ar Yamai ko ta Maraɗi, sadakarsa ita ce yammacin Alhamis guda da zai zauna da yara.

Ƙofa ta uku waƙafi ce. Sayyadina Umar (R.A) ya samu fili mai daraja a Khaibara, Annabi (S.A.W) ya shawarce shi ya tsare asalin ya sadaukar da amfanin. Sayyadina Usmanu (R.A) ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Kangon fili a bayan gari, ko rijiya, ko shago guda da kuɗin hayarsa zai riƙa shiga asusu, ya fi kyautar rana ɗaya komai yawanta. Amma a rubuta shi a gaban mai gari da shaidu, a kai wa hukuma ta sa hannu, domin kada magada su tayar da magana bayan rai ya yi halinsa.

Akwai kuma 'yan'uwa da ke ci-rani ko kasuwanci a Kano da Abijan da Akara da sauran wurare. Yawancinsu suna son a ce sun bar wani abu a garinsu. Abin da ke sa su janye hannu shi ne su aiko su ji shiru. Saƙon murya guda ta WhatsApp kowane wata, da hoton dashen da kuɗinsu suka rena, ya isa ya riƙe su.

A nan wajibi ne a yi hattara da zakka. Allah da kanSa Ya ƙidaya masu cin ta, kashi 8, cikin Suratut Tauba, kuma malaman Malikiyya ba su yarda a zuba ta cikin ayyukan gama-gari irin ginin masallaci ko ganuwa ba. Saboda haka ƙungiya ta nemi sadakar ganin dama da waƙafi, ta bar wa matalauta haƙƙinsu.

Tallafin hukumomi da ƙungiyoyin waje kuwa ba laifi ba ne. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 domin tare iska, da taimakon waje aka yi su, kuma manoma sun amfana. Sai dai a ɗauke shi kamar zinariyar Salmanu: in ya zo ya tarar da ramuka a haƙe. Kowa ya ga yadda ƙasashe da hukumomi da dama suka dakatar da tallafinsu bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023. Aikin da numfashinsa ke hannun wani, ranar da aka saki sai ya faɗi. A karanta sharuɗɗa kafin a sa hannu, kada a ƙara ko yaro guda a kan adadin gaskiya cikin rahoto, kada kuma a ɗauki hoton ɗan wani cikin tsumma a yi bara da shi. Mutuncin yaro ya fi kuɗin furoje tsada.

Amana

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W) ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo ya ware wani kashi ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (S.A.W) ya hau mimbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa wannan kyauta, ya kuma yi gargaɗin cewa mai ɗaukar irin wannan zai zo da shi a wuyansa ranar alƙiyama. Sahabi ne aka yi wa lissafi, kuma Annabi ne ya yi. To wane ne zai ce don shi almajirin Shehu ne ko ɗan gidan malamai ba za a tambaye shi rasit ba?

Kyautata zato ibada ce, rubutu ma umurni ne: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka mai ajiya daban, mai rubutu daban, mai ba da izinin fitar da kuɗi daban. A ƙirga abin da aka tara a gaban mutum biyu ko uku kafin a tashi. Kowane wata a karanta shiga da fita a gaban jama'a, a manna takardar inda kowa zai gani. In dashe 100 aka dasa 40 suka rayu, a faɗi 40, a faɗi abin da ya ci sauran. Mutane suna yafe asara, amma ba sa manta rufa-rufa. Kuma ƙungiya ɗaya da ta ci amana takan rufe wa goma ƙofa, har ta jawo wa sunan zawiya zargi.

Inda himma ke tsirowa

Mutanen Allah sun ce aiki gangar jiki ne, ikhlasi shi ne ransa. Wanda ya shiga wannan hidima don kuɗin zaman taro ko don a gan shi a hoto, ranar da babu su zai gaji. Wanda ya shiga don Allah yana da rijiyar da ba ta ƙafewa. Alƙur'ani ya sanar cewa babu wani abu face yana tasbihi ga Ubangijinsa, kuma itatuwa suna cikin masu sujada. A masallacin Madina akwai kututturen dabino da Annabi (S.A.W) ke jingina da shi yana huɗuba, da aka yi masa mimbari ya koma kai, sai aka ji kututturen yana kuka don bege, har ya sauko ya rarrashe shi. Muridin da ya san wannan ba zai dubi kalgo ko sabara da idon raini ba. In ya hana a tumɓuke toho, wani mai zikiri ya bari a raye.

Sayyadina Anas (R.A) ya ruwaito cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. A wata ruwayar an yi umurni ga wanda tashin alƙiyama ya riska da dashen dabino a hannu, in yana da iko, ya dasa shi. Wannan ya yanke hanzarin mai cewa hamada ta fi ƙarfin kowa. Bawa aikinsa dasawa, rayarwa ta Allah ce. Mai koyarwa kuma yana da riba biyu, domin hadisin Abu Huraira (R.A) a Muslim ya lissafa sadaka mai gudana da ilimi mai amfani cikin abubuwa 3 da ba sa yankewa bayan mutuwa.

Darasin ma ba sai an nemo shi daga nesa ba. Annabi (S.A.W) yana alwala da mudu guda na ruwa. A auna wa yara wannan a buta su gani da idonsu, sannan a haƙa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin dashe, kowace salla ta zama ban-ruwa. A ba kowane yaro itace guda da sunansa, ya yi masa shinge da ƙaya. A kai su mahauta su ga dunƙulen ledar da ake fitarwa daga tumbin tunkiya, a kai su bakin magudanar da shara ta toshe a tuna musu ambaliyar 2020 da ta 2024. Kuma a buɗe ƙofa ga kowa, ɗan ɗariƙa da wanda ba ya ciki, ɗan makarantar allo da na boko, mace da namiji, manomi da makiyayi, domin guguwa in ta taso ba ta tambayar gonar wa ce.

In gajiya ta zo, kuma za ta zo, a tuna da matar nan da ke sharar masallacin Annabi (S.A.W). Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an ga lamarinta bai kai ba. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Mai jan guga da tsakar rana domin dashen da ba zai sha inuwarsa ba, in mutane ba su san sunansa ba, akwai Wanda Ya sani.

Allah Ya sanya albarka cikin dala 20 ta talaka da waƙafin mai hali. Allah Ya tsare hannun masu riƙon asusu daga cin amana, Ya tsare zukatan masu bayarwa daga gori da riya. Allah Ya rayar da abin da aka dasa kamar yadda Ya rayar da dabinon Salmanu, Ya ba ƙasar Nijar damina mai albarka da zaman lafiya, Ya shiryi yara su tashi masu tausayin halittarSa, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Amin.